Zayyanar Zakiyya

Duk wanda ya sauke Alƙur'ani a unguwarmu cikin shekara ashirin ɗin nan ya san hannun Malam Mahfuz. Shi ke zana zayyanar da ke zagaye takardar shaidar sauka, da alƙalamin kara da tawada kala uku, a wata 'yar rumfa bayan Kasuwar Muda Lawal, jikin shagona. Ga shi da nawa. Ka kai masa aiki da azumi, ka karɓa bayan Babbar Sallah, kuma ka yi godiya.

Ƙanin matarsa, Kabiru, ya buɗe shagon buga kati da kalanda a layinmu. Ya sa wata manhajar tsara shafi a kwamfuta, irin wadda ake biya duk wata. Ya ishe mu da zancenta: tana jera rubutu, tana sauya launi da dannawa ɗaya, ta kyauta tana manna tambarinta a tsakiyar aiki, mai tsadar kuwa kome a buɗe yake. Sai Malam ya ce, "To, tana alwala kafin ta fara?" Mu yi ta dariya.

Akwai wata zayyana da Malam ya yi wata bakwai a kanta, bai taɓa sa mata farashi ba. Ta 'yarsa Zakiyya ce, ya ɓoye mata sai ranar saukarta, don ta riƙe abin da ba mai irinsa. Da damina rumfar ta fara yoyo, sai Kabiru ya ce, "Malam, kawo in ɗauki hotonta a na'ura, ko ruwa ya taɓa ta muna da ita." Malam ya miƙa masa, har da sa albarka.

Ranar walimar sauka ina zaune kusa da Malam, ya naɗe zayyanar a farin ƙyalle ya rungume. Aka fara kiran ɗalibai arba'in da biyu ana ba su takardun da makaranta ta buga. Ta farko da ta wuce gabanmu, zayyanar Zakiyya ce, an mai da ja ya koma shuɗi. Ta biyu ma haka. Duk ɗinsu haka. Dama da ɗan gari akan ci gari, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Malam ya iske Kabiru wajen rabon waina. Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Kuɗin manhaja ne ya tashi, Malam. Na sa ta cikin samfuran da nake sayarwa, ɗari biyar ga mai so. Ai taka tana nan, me ya same ta?"

Sai ga Zakiyya da murnarta, riƙe da takardar makaranta. Malam ya warware ƙyallen ya miƙa mata. Ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Lah, Baba," in ji ta, "kai ma a wurin Kawu ka saya?"