Tayar Baya ta Mai Agogo

Mai Agogo mutum ne da bai cika zama inda jikinsa yake ba. Za ka same shi a ɗan shagonsa, gilashi manne a ido ɗaya, hantsaki a hannu, ya buɗe cikin agogon wani, amma hankalinsa yana can bayan gari a kan tsohon babur ɗinsa, a hanyar da bishiyoyi suka yi wa rumfa. Kuma a wannan tafiya ta zuci kullum akwai hannu biyu riƙe da gefen rigarsa, hannun matarsa.

Tun suna da ƙuruciya haka suke. In ya rufe shago da yamma sai ya ɗauke ta, ba don za su ko'ina ba, su dai zaga su sha iska. Ita ke zuba zance, iska ta kwashe rabi, shi kuma ya yi ta cewa haka ne, ko bai ji ba. Yara suka girma suka watse, babur ya tsufa, su ma haka, amma yawon bai tsaya ba.

Sakaci ne ya tsayar da shi. Tayar baya ta daɗe da suɗewa, ta yi sumul kamar tafin hannu, kullum yana cewa gobe zai canza. Ranar da aka yi yayyafi ya taka birki a kwana, babur ya zame da su. Shi ƙujewa kawai ya yi a gwiwa, ita ta karye a wuyan hannu. Ƙashi ya ɗinke, tsoro bai tafi ba. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, wannan ma shi ya fi ci masa rai. Ta dai daina hawa. Yamma ta yi masa tsawo, ya yi kewarta alhali tana tsakar gida tana tsintar wake.

Daga nan ya fara mafarkin taya, ido biyu. Ƙatuwa, baƙa wuluk, mai zurfin zane, irin wadda in matarsa ta gani za ta san ko a kan sabulu ba ta zamewa. Ya tafi wurin mai faci, tsohon abokinsa, ya nuna wadda ta fi kowacce faɗi a jikin bango.

Mai faci ya tofa yawu a yatsa ya goge gefen tsohuwar tayar, lambobi suka fito. Ya ce ta farko faɗi ce, ta ƙarshe girman rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, kuma waɗanda suka ƙera babur sun bar wa taya ɗaki daidai jikinta. Wadda yake so za ta shiga rim, amma in nauyi ya danne baya za ta goga. Mai Agogo ya ji duka, bai saurari ko ɗaya ba. Mutumin da ba zai cusa wa agogo haƙorin da ya ɗara da gashi ɗaya ba, shi ne ya kafe a kan sai babba. Mai faci ya ɗaga kafaɗa ya ɗaura masa.

Shi kaɗai a kai, lafiya lau, sai dai babur ya yi taurin kai a kwana. Da ya isa gida ya jingine shi inda za ta gani, ta duba ta ce tayar ta yi kyau, ta koma ciki. Don ya nuna mata tayar za ta ɗauki nauyi, ya ɗauko buhun gawayi ya ɗaure a kujerar baya ya tayar. Bai kai bakin layi ba tayar ta fara gurzar murfin da ke samanta, ƙurr, ƙurr, warin roba ya tashi. Ya juyo yana turawa a ƙasa, fuska duk kunya. Tana bakin ƙofa.

"Baban yara, wai ni ce buhun gawayin?"

Rabon da ya ji dariyarta irin wannan tun kafin faɗuwar. Ya ji daɗi, ya kuma ji kamar ya yi kuka.

Washegari ya koma, ya bar mai faci ya tsokane shi son ransa, ya karɓi taya mai lamba daidai da tsohuwar. Siririya ce, ba ta da kwarjini ko kaɗan, amma zanenta sabo ne, har da ƴan gashin roba a gefe. Mai faci ya ce abu ɗaya ya rage, in ya je gida ya ɗora nauyin da babur ya saba ɗauka, ya zura yatsu tsakanin taya da murfi, in sun shiga sakayau, shi ke nan.

Da yamma ya sunkuya zai sake ɗaga buhun, sai ya ji ta ce ya bar shi, zai ɓata kujera. Ta gyara zane, ta dafa kafaɗarsa da hannun da bai karye ba, ta hau. Ta ce awo kawai, kada ya kuskura ya tayar. Ya durƙusa ya zura yatsu, suka shige da sauran fili. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda awon yake bukata, don bai so ta sauka.

Ba ta sauka ba. Tana kallon ƙarshen layi, inda rana ta yi ja a kan kwanon gidaje.

"Kai ma ai nauyi ne," ta ce. "Awon bai cika ba sai ka hau."

Ya hau a hankali. Hannu biyu suka kama gefen rigarsa, wanda ya karye ya fi matsewa. Ta ce iyakar bakin layi, su dawo. Ya tayar, ya sa giya, sabuwar tayar ta kama ƙasa ba ƙara.

A bakin layi ya rage gudu zai juya. Ita kuwa ta riga ta fara ba shi labarin maƙwabciya da akuyarta, iska tana kwashe rabi. Bai ji inda zancen ya dosa ba. Ya miƙe hanyar bishiyoyi, ya ce mata haka ne.