Ƙyauren Surukina a Ƙarƙashin Jak

Na yi tuƙi shekaru masu yawa, na kafe a wurare da dama, amma kafewar da na yi a fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Auyo ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Zamanin Turawa ne, lokacin da lori ba ta da yawa a ƙasarmu. Ina jan ta wani attajiri, wanda kowa ya san ya fi tausayin motar nan a kan direbanta.

Ƙarshen damina ne. Na ɗauko gishiri buhu-buhu zan kai Auyo, fasinja suna saman kaya. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai fataucin bandar kifi, wadda ba ta barin magana ta kwana a cikinta. Akwai kuma surukina, mahaifin matata. Ya zo Haɗeja ne karɓar ƙyauren da ya sa kafinta ya yi masa, na katakon maɗaci, mai kauri. A ƙauyensu babu mai irinsa, kowa asabari yake saukewa. Na sa an yi masa tayin gidan gaba, ya ƙi, ya hau sama ya zauna a kan ƙyaurensa. Ni da shi ba ma haɗa ido. Tsakaninmu gaisuwa ce, ina durƙushe ina kallon ƙasa.

Da hantsi muka iso wani wuri da ya yi kama da busasshe. Ashe samansa ne kawai ya bushe. Tayoyin baya suka nutse har cikin motar ya kusa taɓa laka. Na sauke fasinja, muka sauke rabin gishirin a gefen hanya. Wani manomi da ke gyaran shinkafarsa ya zo ya tsaya yana kallonmu, ya ce kogi yana ta cikowa tun jiya, kafin la'asar wurin nan sai kwale-kwale. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin kasuwa. Ni kuwa na dubi gishiri, na tuna yadda ba ya shiri da ruwa, na tuna fuskar mai mota.

Na kafa jak na yi ta murɗawa. Jak ya yi aikinsa tsakani da Allah, sai dai ƙasa ya nufa. Motar ba ta ɗaga ba ko kaɗan, da na leƙa kuma babu jak, sai da muka tono shi da hannu. Dutse kuwa, wanda ya san fadamarmu ya san ba a zancensa. Muka tara kara da ciyawa muka ɗora jak a kai, laka ta haɗiye. Wani fasinja ya ba da akushinsa muka kifa. Murɗawar farko ya rabe biyu. Mai shi ya karɓi gutsattsarin ya mayar cikin jaka.

Duk wannan abu surukina yana gindin wata giyayya, zaune a kan ƙyaure, yana jan carbi. Kowa yana kallon ƙyauren. Ni kaɗai nake kallon wani wajen.

Dattijuwar nan ta matso kusa da ni. Ta ce, "Direba, ka ga abin da kowa ya gani?"

Na ce, "Na gani, Inna. Bakina ne ba zai iya ba."

Ta ce, "To, ni dai ba 'yarsa nake aure ba." Ta gyara zani ta nufe shi. "Malam, ƙyauren nan muke so."

Ya dubi ruwan da ya fara biyo sawun tayoyinmu, ya shafa katakon da tafin hannu. Sannan ya ce, yana kallon reshen bishiya, "A gaya wa direba, in ya ɗora a haka zai tsage, allunan duk hanya ɗaya suka bi. A raba shi biyu, a gitta ɗaya kan ɗaya."

Ina tsaye dab da su, na ji komai. Duk da haka ta juyo ta maimaita mini tun daga farko, ba ta rage ko kalma ba. Na ce a gaya masa na ji, kuma ina so a kewaye gindin jak da guntaye don kada ya zame. Ta juya ta gaya masa. Haka muka yi aikin nan har ƙarshe, kafaɗa na gugar kafaɗa, magana tana zagayawa ta bakin mai kifi.

Manomin ya ara mana gizago. Surukina bai yarda wani ya sara ba, shi ya yi da kansa. Ya ɗaga hannu ya tsaya jim, sannan ya sauke. Muka zare ƙusoshin jikin ƙyauren muka miƙar da su da guduma, muka gitta rabi kan rabi muka buga. Na kafa guntaye a tsakiya daidai faɗin gindin jak. Ramin da kafinta ya huda don kwaɗo muka zura wa igiya, don mu iya fizgo katakon idan laka ta riƙe shi.

Na shimfiɗa shi, na ɗora jak, na murɗa. Katakon ya ɗan nutse ya tsaya, ya yi ƙara, bai tsage ba. Mota ta fara tashi. Muka cusa rassa da ƙirare a ƙarƙashin taya, muka ja igiya muka koma ɗaya gefen. Lokacin da na tayar da injin fasinja suka tura, ruwa ya kai idon sawu. Buhunan da ke ƙasa sun jiƙe kaɗan, sauran sun tsira.

A mararrabar ƙauyensu surukina ya sauka da carbinsa da kwaɗon da ya saya, babu abin da zai rufe da shi. Na ciro katakon zan miƙa. Ya ce wa dattijuwar, "A gaya masa ya riƙe. Hanyar nan ba yau ya gama binta ba."

Bayan kaka na sa aka yi masa wani ƙyauren na kai. Ya karɓa ya sa albarka. Har ya bar duniya bai taɓa tayar da zancen ba, ko ga 'yarsa. A bakina ta fara ji.

Tun daga ranar ban sake fita ba katako a mota ba, kuma duk wanda na koya wa tuƙi sai ya haɗa nasa kafin in ba shi sitiyari. Abin da ya fi zauna mini kuwa shi ne, idan mutum ya tashi taimako da abin da yake so, ya yi shi da hannunsa, ya kama bakinsa. Na gwada yin haka sau da yawa. Saran katakon ba shi da wuya, shirun ne aiki.