Ƙarfen Ƙafar Yayana

Sana'ata dillancin albasa ce a kasuwar Malanville, kuma ban gaje ta ba. Da dako na fara, ina sauke buhuna daga kwalekwale, har na kai ga rumfa tawa ta kaina. Manomin Garou ya kawo kayansa, mai kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo daga kudu, ni ina tsakiya. Abin da na koya tun da wuri shi ne dillali ba ya kai magana yadda aka ba shi ita. Manomi ya ce, "Wannan mutum ɓarawo ne," sai in juya in ce wa mai saye da faransancin da na tsinta a bakin 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan, "Ya ce kai mutumin kirki ne, ka ɗan ƙara." Kowa ya tashi da fara'a, ciniki ya faɗa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙarya ba. Aiki ne.

Yayana da nake bi masunci ne, ya zauna ƙauye wajen Garou tare da Inna. A shekarun da soja ke mulki, ana kiran kowa kamarad, ciwo ya same shi. Ya fara da rashin barci, sai magana shi kaɗai, sai ya ce akwai masu kiransa daga cikin ruwa. Wata rana ya bi tarunan maƙwabta da wuƙa ya yayyanka, wai su ke kama maganarsa suna kai wa mutane. Tun rasuwar mahaifinmu Kawu ne mai faɗa a ji a gidanmu. Ya kira malamai aka yi rubutu aka sha, ya kira masu goge suka yi wasa kwana uku, ba a ga sauƙi ba. Daga nan ya sa maƙeri ya buga wa Yaya marin ƙarfe a ƙafar hagu, aka ɗaure sarƙarsa a jikin wani gungumen giginya a bayan ɗaki. Haka ake yi a lokacin, ni ma ban ce uffan ba. Ina aika shinkafa da sabulu, ina ganin na sauke nauyi.

Shekara guda ya yi a wurin. Ƙarfen ya ci masa idon sawu, gyambo ya buɗe, ƙuda suka samu wurin zama. Sai Kawu ya aiko in zo. Ya ce ya gaji, Inna ta gaji. Ya ji labari akwai babban asibitin masu taɓin hankali can kudu bakin teku, abin da ake bukata kawai takarda ce daga asibitin garinmu. Ni kuwa ina da kamiyon da zai tashi ranar Lahadi, na yi wa direba magana ya bar mana wuri a saman buhuna. Ba zan ɓoye ba, tsarin ya yi mini daidai. A kai shi can, a bar shi hannun gwamnati, kowa ya huta.

Muka kwance sarƙar daga gungume, na naɗe ta a hannuna, na kawo shi gari a kwalekwale. Babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitinmu, wanda muke ce wa majo, mutumin kudu ne siriri, an ce ya daɗe yana aiki da masu irin wannan ciwo kafin a turo shi arewa. Ba ya jin Hausa, Dendanci kuma, ɗaya harshen garin, bai wuce gaisuwa a bakinsa ba. Da muka shiga na miƙa masa hannu, sai ya wuce ni ya fara miƙa wa Yaya. Ya jawo kujera ya ba shi. Mutane sun taru a taga suna leƙe, ya kore su ya rufe. Sannan ya ce in yi masa tafinta.

Na yi masa bayanin takardar da muke so. Ya saurara, ya ce, "To, kamarad, tambaye shi. Ya yarda a kai shi kudu?"

Na tambayi Yaya. Ya ɗago kai, ya dunƙule hannu a kan gwiwa.

"A'a. Ba ni tahiya. Wanda anka kai can wa ya ga dawowarshi? In kashe ni za ku yi, ku kashe ni nan bakin gulbi, Inna ta san inda kabarina yake."

Ban ko yi tunani ba, bakina ya yi aikin da ya saba. Na ce wa majo, "Ya yarda, sai dai yana ɗan tsoron hanya."

Majo ya ajiye alƙalami. Ya dube ni, ya dubi hannun Yaya.

"Ba na jin Hausa, amma a garin nan na ji a'a sau dubu. Fita ka jira a benci."

Ya aika aka kira wata tsohuwar unguwarzoma mai aiki a ɗakin haihuwa, tana jin Hausa da faransanci, ta kuma san ni a kasuwa. Muka haɗu a ƙofa, tana shiga ina fita.

"A'a, dillali, yau kasuwa ta watse maka tun da hantsi?"

Na zauna a benci tsakanin mata masu goyo, raina a ɓace. Ni da shugaban duwan ke tashi ya gaishe ni! Sun daɗe a ciki. Da aka buɗe ƙofa na tarar an wanke gyambon an ɗaure. Na tambayi majo abin da Yaya ya faɗa a bayana.

"Maganarsa ce. In kana so, ka tambaye shi. Abin da ya ce in gaya maka shi ne, ya yarda a yi masa maganin ƙafa, ya yarda ya gwada ƙwayoyi, allura ba ya so, kudu ba zai je ba. Ba zan rubuta takardar ba."

Na ce, "Majo, mahaukaci ne fa. Wa ke shawara da mahaukaci?"

"Ya san sunansa, ya san garinsu, ya gane abin da na tambaye shi, ya ba ni dalili. Ranar da na ga zai hallaka kansa ko wani, zan yi abin da ya wajaba ko bai so ba, kuma a gabansa zan faɗa masa. Yau ba ranar ba ce. Ƙafar nan kuwa ba za ta warke da ƙarfe a jikinta ba. Ba ni da jandarman da zan tura gidanku. Kai ne ka san yadda za ka yi."

Ya kuma gargaɗe ni kada a kuskura a ɓoye masa ƙwaya a cikin fura ko miya. A tafin hannunsa za a sa, yana gani.

A kwalekwale muna komawa, da muka wuce gonakin shinkafa sai na ce, "Yaya, mi ka hwaɗa ma majo?"

Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta.

"Ƙane, ban jin nasaranci, amma na san muryarka ta kasuwa. Da ita ka yi magana kaina. Buhu nawa ka ce mishi ni ne?"

Ya sa hannu cikin ruwa yana wasa da shi.

"Shekara guda ba wanda ya tambaye ni komi. Ko tuwo kake so ko hura, ba a ce ba. A aje kwano a tahi. Mutumin nan bai san harshena ba, shi ya tambaye ni."

Ni mutum ne mai lissafin abu kafin in shiga, amma in na shiga ba na waiwaye. Kafin mu kai gaɓa na gama shawara. Na tambaye shi ko zai zauna gidana a Malanville, kusa da asibiti, ba ƙarfe, shi kuma ya riƙa shan maganinsa. Ya ce zai zauna, in dai ɗakin ba za a kulle shi ta waje ba. Na ce na yarda.

Da muka isa ƙauye na faɗa wa Kawu, ya yi tsalle ya dire.

"Kai yaro, kuɗin albasa sun hau maka kai? In ya sari ɗan wani, wa za a kama?"

"Ni za a kama, Kawu. Gidana zai zauna."

"Wancan baƙon da bai san kan garin nan ba shi ya hi mu sanin ɗanmu?"

"Bai hi mu saninshi ba. Mu dai mun bar yi mishi magana."

Inna ta shiga ɗaki ta ɗauro masa kayansa a zane. Na kira maƙerin da ya buga marin, shi ya cire. Kawu ya ɗauki ƙarfen ya rataye a rumbu, ya ce yana nan yana jiran ranarsa.

Wata biyu abu ya tafi daidai. Yaya ya fara barci, ƙafa ta kama warkewa, yana zama a zaure yana gyara wa masuntan unguwa taru. Amma ƙwayoyin suna sandarar masa da wuya, hannunsa na rawa, miyau na zuba. Ya ji kunya, ya daina sha bai gaya wa kowa ba. Maiɗakina ta lura, ta ce bari ta daka masa a fura, wa zai sani? Na ce a'a. Har yau ina tuna yadda ta dube ni, don ta san a kasuwa na yi abin da ya fi wannan.

Kuskurena shi ne ban koma wurin majo da wuri ba, ranakun kasuwa suka ɗauke mini hankali. Ranar wata Juma'a da azahar aka zo rumfata da gudu, aka ce Yaya yana kan gadar gulbi ta bakin iyaka ya hau ƙarfen gefe, yana amsa wa masu kiransa daga ruwa. A shekarun nan ba a wasa da gada, sojoji ne a bakinta. Kafin in isa jandarmomi sun janyo shi sun kai ofishinsu, ɗaya har ya fasa masa leɓe. Ban tsaya roƙonsu ba, na wuce asibiti na ɗauko majo da tsohuwar nan a amalanke.

Majo ya durƙusa a gaban Yaya a tsakar ofishin, ya yi magana, tsohuwa tana juyawa kalma bayan kalma.

"Yau ka so faɗawa ruwa. Zan yi maka allura ko ba ka so. Na san ka ce ba ka sonta, ban manta ba. Bayan kwana uku zan zo in sake tambayarka abin da kake so."

Yaya ya zage shi, ya zage ni, ya haɗa da tsohuwa da kakanninta. Ita kuwa ta juya zagin tas cikin faransanci, ba ta rage ko ɗaya ba. Ni na riƙe kafaɗunsa aka yi allurar. Majo ya sa hannu a takardar jandarma, muka tafi da shi gida.

Ranar da kwana uku suka cika majo ya zo gidana a kan kekensa. Yaya ya gaya masa zancen wuya da miyau. Majo ya ce laifinsa ne da bai faɗa masa tun farko cewa maganin na iya yin haka ba, ya ba shi haƙuri. Ban taɓa jin ma'aikacin gwamnati ya ba talaka haƙuri ba sai ranar. Ya rage ƙwayoyin, ya ƙara wata ƙarama mai sassauta jiki, ya ce duk ranar da ya ji ba daɗi ya zo da ƙafarsa ya faɗa.

Labarin gada ya kai ƙauye. Washegari sai ga Kawu da ƙarfen a cikin buhu, da maƙeri a bayansa. Ya zube buhun a zaurena.

"To, ga ranar ta zo. Ka gwada taka, ta ƙare a hannun jandarma. Saura kaɗan mu yi ta neman gawa a gulbi."

Maganarsa gaskiya ce, ni ma kwanakin nan uku da ita nake kwana nake tashi. Na ce, "Kawu, ban musa ba. Amma a gidan nan ba a buga ma kowa ƙarhe. In kana da magana, ga shi nan zaune, ka yi da shi."

Kawu ya juya. Ina jin rabon da ya dubi idon Yaya tun kafin a ɗaure shi. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kai, ka ji abin da ka yi?"

"Na ji, Kawu. Na bar shan magani, shi ya sa. Na koma sha."

"In ka sake bari fa?"

"In na sake, a kira majo ya soke ni da allura, na yarda tun yanzu, ku shaida. Amma gungumen nan, Kawu, shekara guda ina kanshi, masu kirana ba su yi shiru ko kwana ɗaya ba. Ku ne dai kunka bar ji."

Kawu ya daɗe yana murza carbi. Maƙeri ya ce shi fa yana da garma a wuta, in ba aiki zai tafi. Kawu ya ce ya tafi. Ya ƙi cin abincin da aka kawo masa, ya ɗauki buhunsa ya fita, ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata.

Yaya bai warke sarai ba. Sau biyu ciwon ya sake tashi, sau biyu aka yi allurar da ya yarda da ita, na rufe rumfa na zauna da shi har ya lafa. An mayar da majo kudu bayan wasu shekaru, wanda ya canje shi ba shi da haƙurin tambaya, sai na riƙa tsayawa a kansa ina cewa, "Likita, ga mai ciwon nan, shi za ka tambaya." Wani lokaci ya ji, wani lokaci mu yi rigima. Da Inna ta tsufa, Yaya da kansa ya ce zai koma ƙauye ya zauna da ita. Na ji tsoro, na faɗa masa tsoron da nake ji, ya ce ya ji amma zai tafi. Duk ƙarshen wata yana shigowa gari a kwalekwale ya karɓi ƙwayoyinsa, ya biyo ta rumfata da busasshen kifi, yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, ya zauna ya sha shayi ya koma.