Tambarin da Na Gurje a Gindin Kwano

Na yi kurakurai da yawa a shekarun da na yi ina aikin gilashi a Riyad, amma akwai ɗaya da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zai fita daga raina. Har yau in na tuna, sai in ji kamar in rufe fuskata, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A wata ma'aikata nake a unguwar Sulay, muna yanka gilashin tagogi da madubai, muna gurje bakinsu. Hannuna yana da kyau, kuma abin da ya cuce ni shi ne na san da hakan. Abokin aikina, wani Bamaraɗe da ya girme ni, kullum sai ya ce mini, “Kai dai kanka ya fi injin nan zafi.”

Wata safiya wani dattijo Balarabe daga unguwar Shumaisi ya shigo da abu naɗe a tawul. Ɗan kwanon gilashi ne mai ƙafa, irin na zuba sukari, jikinsa duk ado. Bakinsa ya ɗan ɓalle. Ya nuna wurin da yatsa ya ce, “Nan kawai, ya mu'allim. Kada ya yanki jikokina.” Na ce ya dawo bayan la'asar.

Cikin minti goma na gama bakin. Da na ɗaga kwanon a haske, sai na ga wani ɗan tudu a gindinsa ta ciki, bai kai farcen babban yatsa ba, mai kusurwa huɗu, a tsaye kan tsininsa, da wasu 'yan zane-zane a ciki. Na ce wannan ai sakacin masu zubi ne. Mu kuma a gida mun taso da gyara: ka sayi tumatir a ƙara maka, ka kai ɗinki tela ya ɗinke maka maɓallin da ba ka ambata ba. Na ce bari in yi wa dattijon nan gyara. Bamaraɗen ya leƙo ya ce, “An sa ka?” Na ce ya ji da madubinsa. Rabin awa na yi ina gurza ina zuba ruwa, sai da wurin ya yi sumul.

Da dattijon ya dawo, har da murmushina na miƙa masa na ce, “Ya ammi, baffana, na cire maka tabon ciki ma, kyauta.”

Ya sa yatsa ya shafa gindin. Ya sake shafawa. Sai ya nemi kujera ya zauna.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A hankali ya yi mini bayani. Irin waɗannan kwanuka, a Ingila aka yi su zamanin wata sarauniyarsu, fiye da shekara ɗari da suka wuce, ana zuba narkakken gilashi a mazubin ƙarfe a danne. Abin da na kira tabo tambarin rajista ne: harafi ɗaya yana nuna shekarar da aka yi wa zanen rajista, wani yana nuna wata, lamba tana nuna rana. Mahaifiyarsa ta rasu tana cewa kakarta ce ta zo da kwanon, 'yan'uwansa kuwa suna cewa ruɗin tsufa ne, a kasuwa aka saya jiya-jiya. 'Yarsa da ke karatu a waje ce ta gano ma'anar tambarin. Sun yi ta ɗauka a waya, hoton ba ya fita saboda gilashin garau yake. Ta ce ya bari ta zo hutun Sallah da madubin ƙara girma ta karanta. Saura sati biyu.

Sai ya ɗago ya ce, “Kai ka daɗe kana kallonsa. Me ka gani a kusurwar sama?”

Nan ne ainihin abin kunyar. Rabin awa idona yana kan tambarin, amma ban taɓa dubansa ba, don hankalina yana kan yadda zan kawar da shi. Maimakon in faɗi haka, tsoron kada maganar ta kai ga kafil ɗina, maigidan da iznin zamana yake hannunsa, ya sa bakina ya riga ni. Na ambaci wani harafi da ya zo mini kawai. Fuskarsa ta washe. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya yi mini addu'a, ya tafi.

Bayan sallar magariba muka fito daga masallaci ni da Bamaraɗen. Yana ɗaura takalmi ya ce, “Na farko kuskure ne, ƙanena. Na biyun kuma kai ka san sunansa.”

Kwana uku abinci ba ya mini daɗi. Na ga yarinyar nan za ta buɗe littafi da harafina, ta fitar da shekara, iyali guda su riƙe ƙaryata a matsayin tarihin kakarsu. Ranar Juma'a na ɗauki adireshinsa a takardar aiki, na hau mota zuwa Shumaisi. A bakin ƙofa na faɗa masa, idona a ƙasa: ban ga komai ba, ƙirƙira na yi.

Na ɗauka ƙofar zai rufe. Sai ya ce, “Na riga na aika wa 'yata. Jiya ta ce shekarar ta yi daidai da zamanin kakar. Na kira yayana na faɗa masa. Yanzu sai in sake kiransa.”

Ya ce in shigo in sha gahawa. Na shiga, don ban isa in ƙi ba. A cikin kwanon nan aka kawo mini dabino, ina ci ina kallon wurin da na goge yana sheƙi.

Tun daga ranar, abin da ban gane ba a jikin kayan mutum ba na taɓa shi sai na tambaya, komai kyan niyyata. Na kuma koyi cewa “ban sani ba” tana da nauyi a baki, amma sau ɗaya ake faɗinta. Ni sai da na sa dattijo ya rasa hujjar mahaifiyarsa sau biyu kafin na iya.