Butar Shayi a Dutsen Kirgistan

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Port Saeed da ke Dubai, ina da aboki mutumin Damagaram mai shagon kayan waya a kasuwar Al Sabkha. Ya girme ni sosai, amma da yake shi Badamagare ne ni Bakano, girman bai hana mu tsokanar juna ba. Kullum na tashi aiki shagonsa nake zarcewa saboda shayi. Mutumin nan ko gobara ake yi a yankinmu na Deira, sai ya gama dafa shayinsa na ɗaya da na biyu da na uku kafin ya miƙe.

A bangon shagon, saman kwalayen caja, akwai hoton wani tafki. Ruwa ne shuɗi kamar an zuba masa bula, a tsakiyar duwatsu masu ƙanƙara a ka. Wani kwastomansa ɗan Kirgistan mai zuwa saro kaya ne ya ba shi. Ya ce tafkin yana can saman ƙauyensu, mota ba ta zuwa, sai dai mutum ya goya jakarsa ya hau da ƙafa, kuma da bazara kaɗai hanyar take buɗewa.

Tun daga nan abokina ya sa abin a ransa. Ya ce mini, "Ɗan Kano, a cikin rairayi aka haife ni, na zo Dubai na tarar da wani rairayin. Kafin in mutu sai na dafa shayi da ruwan can, inshallah."

Na ɗauka zance ne na bakin shayi. Ashe da gaske yake. Fiye da shekara ya yi yana shiri. Ya sayi jakar goyo, ya cusa mata ƙaramin buhun shinkafa, kullum da asuba ya riƙa hawa da sauka a matakalar benensu, a cikin zafin nan na Dubai da ko bango ka taɓa sai ka ji ɗumi. Maƙwabta har suka daina tambayarsa ko lif ya lalace. Ni kuma da na ce zan bi shi, sau biyu na gwada hawan benen na ce ya isa, ai ni matashi ne.

Ya taɓa gaya mini kakansa madugu ne, mai jan ayarin raƙuma zuwa Bilma ɗauko gishiri. Shi ke nan na samu abin tsokana, na laƙaba masa Madugu. Ana gobe za mu tashi na kira mahaifiyata a Kano, ta ce in ba ta shi. Ina jin muryarta ta cikin wayar tana cewa, "To ɗana, ga ƙanenka nan, amana na ba ka." Ya ce, "Na karɓa, Hajiya." Na yi ta dariya, na ce sai ka ce yaron goye.

Wajen haɗa kaya ma mun sha rigima. Ni na ce bazara ce, me zan yi da rigar sanyi? Ya ja ni kasuwa ya sa na saya dole. Ni kuma na ga ya naɗe 'yar butar shayinsa da ƙananan kofuna da ɗan murhunsa na waya a cikin rawani yana turawa a jaka. Na ce, "Madugu, mutane na rage nauyi kai kana ƙarawa?" Ya ce, "Bon, idan na bar wannan, me zan je yi?"

Da muka isa Kirgistan, kwastoman nan ne ya tarbe mu, ya zama mai masaukinmu kuma ɗan jagora. Mahaifiyarsa ta ba mu nonon goɗiya mai tsami, na shanye don kunya ina murmushin dole. Washegari muka goya jakunkuna muka kama hawa.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba, kuma har yau ban sake ba. Ciyawa kore shar har gwiwa, furanni ko'ina ba wanda ya shuka su, dawaki na kiwo ba makiyayi. Ruwa na gangarowa ta kowane lungu, mai sanyin da idan ka yi alwala sai haƙoranka sun kaɗa. Abokina, mutumin da bai cika magana ba, ya zama kamar yaro. Kowane rafi sai ya tsaya ya sa hannu yana cewa, "Ikon Allah! Duk wannan zuba yake yi, ba mai tara shi?" Shinkafar Al Sabkha kuwa ta yi rana, domin tafiya yake kamar ba kaya a bayansa, ni ina baya ina haki. Ko sau ɗaya bai fito da butar ba. Ya ce sai a bakin tafki.

Ranar da za mu isa, na tashi da ciwon kai kamar ana sara mini gatari. Na daure muka ci gaba. Can wajen hantsi na fara amai, ƙafafuna suka riƙa harɗewa. Mai masaukinmu ya dube ni, ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Dutse ya kama shi. Khalas, shi ke nan, dole ya sauka yanzu, in ya ƙara sama akwai matsala." Sai ya nuna wani tudu a gabanmu, ya ce wa abokina tafkin yana bayansa, bai fi daga shagonsa zuwa bakin ruwan Dubai da ake kira Creek ba. Ya ce shi zai sauka da ni, abokina ya je ya gani ya biyo mu.

Na ce, "Madugu, don Allah ka je. Ga shi nan fa."

Ya tsaya yana kallon tudun nan, ya daɗe. Sannan ya juyo ya ce wa mai masaukin, "Habibi, in jikinsa ya rikice a hanya, da wane yare zai gaya maka inda ke masa ciwo? Ni aka ba amanarsa." Ya zazzage ruwan gorarsa a cikin tawa, ya miƙa masa gorar. "Kai ka fi mu sauri. Ka ɗebo mini ruwan tafkin."

Ya ɗauki jakata ya rataya a gaba, tasa a baya, ya riƙe mini hannu. Haka muka yi ta gangarowa yana cewa, "Doucement, ɗan Kano, shwayya shwayya," wato a hankali. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ni ne ma na riƙa waiwayawa.

Da muka sauko ƙasa sosai kaina ya fara saki. Wajen la'asar mai masaukinmu ya iso da gora cike. Kafin nan hadari ya rufe saman dutsen, ya ce an fara zubar ƙanƙara a can, ba mai hawa sai bayan kwanaki, mu kuma bizarmu ba ta kai nan ba. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi.

Abokina ya kwance rawaninsa, ya fito da buta da murhu, ya hura gawayin da ya roƙa a ƙauye. Ya zuba ruwan tafkin a hankali, ko ɗigo bai zubar ba. Ya dafa, ya yi ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Kofin farko ni ya miƙa wa.

Na ce, "Ba ka ji haushi ba?"

Ya ce, "Na ji mana. Sosai ma. Sha shayinka kafin ya huce."

Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai. Da ya ce ba komai, da na yarda na manta. Amma ya bar ni na san girman abin da ya ajiye, kuma bai taɓa goranta mini ba, ko a cikin wasanmu na Kano da Damagaram inda ba a raga wa kowa. Tun daga ranar na daina ɗaukar kalmar amana da wasa.

Bai sake komawa ba. Kasuwa ta ja baya, ya rufe shagon ya koma gida, gwiwa kuma ta zo ta hana shi hawan ko bene. Da zai tafi ya ciro hoton daga bango ya ba ni. Na ce ya riƙe abinsa, ya ce a'a, shi ya sha ruwan.

Har yanzu Madugu nake kiransa idan mun yi waya. Sai dai yanzu ba da tsokana nake faɗa ba.