Ranar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Ɗan fari ne, shi ya sa ba za ku ji sunansa a bakina ba. Haka na tashi na ga iyayenmu mata suna yi a Kano: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, in ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Na ƙunso wannan tarbiyya na zo da ita Bronx ta birnin New York, na manta cewa a hawa na biyar na wani dogon gini a titin Grand Concourse babu kaka, babu gwaggon da za ta ɗaga shi.

Yana sakandare ya fara ƙwallon nan ta Amurkawa, wadda ake sa hular kwano a yi ta karo. Aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallo, ya rungume ta ya ruga cikin ƙartin da ba su da wani buri sai su maka shi da ƙasa. Ni ce mai wanki, saboda haka na san wasan ta inda 'yan kallo ba su san shi ba. Rigar takan dawo min da ciyawa da jini, wata rana har da amai, ga wani tsamin da ko an wanke sau biyu ba ya fita. Sai in toshe hanci in jiƙa ta a baho. Ban taɓa cewa uffan ba. Babansa kuwa, da yake tuƙin tasi, duk fasinjan da ya ɗauko daga filin jirgin JFK sai ya ga hoton yaron kafin ya sauka.

Jami'a ta ɗauke shi saboda gudunsa, daga nan manyan ƙungiyoyi suka fara zawarcinsa. Ranar da aka tara su gwaji an nuna a talabijin. Samari daga su sai ɗan guntun wando, a ɗora wannan a sikeli, a auna tafin hannun wancan, wasu dattawa na zaune suna rubuce-rubuce. Abin da ya faɗo min shi ne kasuwar raguna gab da babbar salla, yadda mahaifina kan buɗe bakin rago ya danna gadon bayansa. Har dillali yaron yake da shi, wani mai kwat da ba ya gajiya da murmushi. Na shige kicin ina istigfari.

Wata ƙungiya ta ɗauke shi, shekara uku ya yi yana buga musu. Tun a ta biyu ya koma salla a kan kujera, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. A ta ukun, wata Lahadi da la'asar, ina tuƙa tuwo, na ji ihun babansa a falo, sai kuma shiru. Na leƙo. Ga yaron a talabijin yana kwance a filin, hannayensa biyu sun sandare a sama kamar jaririn da ke son a ɗauke shi. Suka yi ta maimaita karon a hankali a hankali, don kada wani ya rasa rabonsa, sannan suka sa tallar soyayyiyar kaza. Ba a jima ba ƙungiyar ta sallame shi ta waya, ya dawo ɗakinsa na da.

Ni nake yini da shi, don haka ni na gani. Labule kullum a rufe, haske na sara masa kai. Sai ya buɗe firij ya tsaya, ya rasa me ya kawo shi. Wata Alhamis yana Azahar ina ninke kaya a bakin ƙofa, ya tsaya cak ya juyo, ya ce da Hausarsa ta 'yan nan, "Umma, nawa na yi?"

Shida ya yi. Na ce masa ya sake, na koma ɗaki na yi kuka inda ba wanda zai gani.

Washegari dillalin ya bugo, wai wata ƙungiya na son gwada shi ran Litinin. Babansa ya yi hamdala, ya ce ai likitocin tsohuwar ƙungiyarsa sun ce ya warke. Yaron ya haɗa jaka ya ajiye a bakin ƙofa. Na so in hana. Uwa ta tsaya gaban miji tana ja-in-ja a kan ɗan fari?

Ran Asabar mutanen masallacinmu suka zo dubiya, su biyar. Na soya waina na yi miyar taushe. An yi addu'a, an ce Allah ya ƙara sauƙi, an shafa. Hannu bai gama sauka daga fuska ba wani Alhaji ɗan Nijar, mai shagon turare, ya zaro waya. Ina kicin ina jin ƙarar karon, wani ƙwas kamar an fasa kwakwa.

"Malam, dubi yadda wuyan ya koma baya."

"Mayar mana, Alhaji, ban gani sosai ba."

Aka mayar. Aka sake mayarwa. Ana ci ana kallo, manja na naso a fuskar wayar. Wani ya ce a ɗauko hular a sa masa za su yi hoto. Na fito da tiren shayi na tarar da shi a tsakiyarsu da hular a ka, yana murmushin dole, idanunsa a ƙanƙance don an ɗage labule. Alhaji ya doki hular da tafin hannu ya ce, "Wannan karon ka rama mana, ɗana."

Na dire tiren. Na ce, "Alhaji, dubiya kuka zo ko kallo?"

Babansa ya ce, "Hajiya, shiga ciki."

"Ɗana ne," na ce. Tunda na haife shi ban taɓa faɗin haka gaban mutane ba. "Shekaranjiya raka'a shida ya yi a Azahar bai sani ba. Mai son a rama masa, ga hular nan, ya kai wa nasa ɗan." Na juya ga yaron. "Kai kuma, in ka tafi, ba da yawuna ba."

Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, aka bar waina a faranti. A bakin lifta na ji Alhajin na cewa ƙasar nan tana cire wa mata kunya. Babansa ya yi kwana biyu bai ci abincina ba. Wannan bai dame ni kamar yadda yaron ya shige ɗaki ya ja ƙofa ba, don na san na tona masa asiri gaban baƙi, kuma har yau abin na ci min rai.

Litinin ta zo. Jakar na nan a bakin ƙofa har rana ta take, waya na ta ƙara a ɗakinsa bai ɗaga ba. Da Azahar ya fito ya ja kujerarsa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Umma, zauna nan ki riƙe min lissafi."

Na zauna. Da ya kai ta huɗu na ɗan yi gyaran murya, ya yi tahiya ya sallame.

Dillalin ya sake bugowa sau biyu, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ciwon kan bai tafi ba har yanzu, amma cikin mutum biyar ɗin nan ba wanda ya sake tako mana da sunan dubiya. Hular kuwa ni na sa ta a baƙar leda, na sauka da ita wajen shara da kaina, na dawo na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu.