Tsohuwar da ta ƙi amsa min a tashar Jidda

Shekarun baya can, cikin shekarun sittin, ina ɗalibin sakandare a Makka, wasiƙa ta iso gidanmu a unguwar Mansur cewa kakata, mahaifiyar babana, za ta sauka Jidda ta jirgin ruwa daga Bur Sudan gab da aikin Hajji. Rabonta da babana ya haura shekara ashirin. Shi kuwa yana kwance, ya faɗo daga tsani ya karya ƙafa, yayana kuma ba ya iya barin kanti. Aka waiga aka ga saura ni, wanda ko gaisuwa ce sai na shirya ta a zuci kafin in furta.

"Ka same ta kafin a zuba su a motocin Makka," in ji babana. "Ba ta jin Larabci. In ta faɗa cikin taron nan, sai dai Allah."

Na yi shiri irin nawa. Na aro littattafai biyu a makaranta, na karance tarihin Jidda: yadda ta zama mashigar Makka tun zamanin halifa na uku, da ganuwarta mai ƙofofi, da gidajenta da aka gina da dutsen da ake sarowa daga teku. Har taswira na kwafa cikin littafin rubutuna. Abu ɗaya ne ban samu a littafi ba, kamannin kakata. Babana dai ya ce doguwa ce, baƙa, da zane a kumatu, ba ta da yawan magana.

Na isa masaukin alhazan teku da hantsi, rigata ta jiƙe sharkaf. Iskar Jidda ba irin ta Makka ba ce, nauyi gare ta, ga ƙarnin kifi da gishiri. Na kutsa cikin alhazan ƙasar Jawa da na ƙasar Hindu har na jiyo Hausa a wani lungu. Na tsaya ina duba tsofaffin matan. Duk tsohuwar da na kalla doguwa ce, baƙa, da zane a kumatu.

Na fara bin su ɗaya bayan ɗaya. In yi sallama, in ce, "Ya hajja, ke ce mahaifiyar wane?" in kira cikakken sunan babana da ƙarfi saboda hayaniya. Kowace amsa in rubuta ta, kada in tambayi mutum sau biyu. Wata ta ce ba ta san shi ba. Wata ta ce 'ya'yanta duk mata ne. Wata ta tambaye ni inda ake samun goro. Na tambayi sama da ashirin, babu.

Wani direba ya ce min an riga an kwashi wasu zuwa wajen Bab Makka, wato Ƙofar Makka ta tsohuwar ganuwa. Na bazama can da taswirata. Ashe taswirar ta girme ni: ganuwar da nake shirin bi an rushe ta tun wajen lokacin da aka haife ni. Na faɗa lungunan tsohon gari, dogayen gidaje masu tagogin katako sun rufe sama, kowanne kamar ɗan'uwansa. Sau uku ina wuce mai sayar da ruwa guda, a na ukun ya ce da Larabci, "Ya walad, kai yaro, ɗawafi kake yi?" Na san sunan kowace ƙofa da aka taɓa yi wa garin nan, amma na kasa gane gabas.

Sai bayan la'asar na dawo masaukin, na tarar motoci sun fara jeruwa, ana ɗaure kaya a samansu. Na zauna a bencin wani dattijo mai shayi, Basakkwace, da ya daɗe a Jidda. Ya miƙo min kofi ban tambaya ba.

"Kai ɗan malam, mi kaka biɗa tun safe kana rubuce-rubuce?"

Na faɗa masa komai. Ya ce, "Yaya kake tambayarsu?" Na maimaita. Ya ajiye buta ya dube ni.

"Ubanka ɗan fari na?"

Na ce eh. Ya yi dariya har sai da ya dafa tebur.

"A nan aka haife ka, ko? Wace tsohuwa ce za ka tsaya gabanta cikin mutane, ka kwaɗa mata sunan ɗanta na fari, ta ce ga ni? Wadda ta ce ba ta san shi ba, ba ita ba ce. Nemi wadda ta ƙi tanka maka."

Ni ban taɓa sanin haka ba. Mahaifiyata a Sudan ta tashi, kuma yayana da sunansa take ƙwala masa kira daga soro. Na buɗe littafina. Ga shi nan, ta huɗu: "Mai tabarma kusa da famfo. Ba ta amsa ba, ta juya kai. Ƙila kurma ce."

Na ruga. Tana tsaye a layin mota da ƙunshinta a ka, saura mutum kaɗan ta shiga. Na durƙusa, na ce, "Kaka, jikanki ne."

"Au, ka gama shelar?" ta ce. "Tun safe na gane goshin nan. Mara kunya, ka zo kana zuba min sunan yaron nan a kunne."

"To me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na kau da kai in ba ka wuri ka gyara magana, ina waigowa ka yi gaba da alƙalaminka." Ta juya ga matar da ke bayanta. "Kin ga mijin da aka yi min tanadi. Ramamme, ga ɓatan kai."

Wakilin alhazai ya ji bayanina, ya bar ni na zauna a kan ƙunshinta har Makka.

Da muka shiga gida, babana ya ja jiki daga shimfiɗa yana kuka. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta fuskanci bango ta ce, "An same ku lafiya?" sannan ta jawo ƙannena ta rungume. Na tsaya da kayanta a hannu na rasa abin da ke faruwa. Matar da ta ratsa ƙasashe, ta ƙetare teku, ga wanda ta zo dominsa, ta ƙi ɗaga ido.

Har yau ba zan ce na gama fahimta ba, kuma na girmi shekarunta na lokacin. Ta zauna da mu har ta rasu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Amma bayan ƙafarsa ta warke, kullum zai fita kanti da safe, nakan gan ta a bayan labulen taga, tana bin ɗingishinsa da ido har ya sha kwana. In ta ji motsina sai ta ce ƙura take kaɗewa.